Zauren Tambaya Da Amsa: Tikiti Da Otal Ta Waya, Wa Ke Riƙe Da Kuɗinka?

Assalamu alaikum jama'ar zango, na Kumasi da na Akra da duk inda mujallar nan take kaiwa. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk maganarsu ɗaya ce, tafiya. Masu Umara, masu hutun yara, masu ziyarar dangi, kowa da wayarsa a hannu yana farautar tikiti da ɗakin kwana. Na tsinci waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani mutane da yawa, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga wata Hajiya mai sayar da atamfa, Aboabo: Anti sannu da aiki. Dan Allah ki duba min wannan al'amari don ya hana ni barci. Naga tallan Umara a wani guruf ɗin mata na WhatsApp, tikiti da biza da otal kusa da Harami duk a haɗe, kuɗin kuma yayi sauƙi sosai akan wanda ejan ɗin unguwarmu ya faɗa min. Na tura rabi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, washegari suka turo min takarda da sunana da tambarin jirgi da ranar tashi, suka ce in cika sauran kafin Juma'a ko kujerar ta wuce ni. Ɗana yace kar in ƙara musu ko pesewa ɗaya. Ni kuma ina ganin ai ga tikiti a hannu. Wanne zan bi?

AMSA: Hajiya ki tsaya akan maganar ɗanki, Allah ya masa albarka. Ban yanke cewa mutanen nan macuta bane, amma takardar dake hannunki mai yiwuwa bata zama tikiti ba tukuna, kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke faɗawa. Riƙe kujera daban, yankan tikiti daban. Duk ejan mai na'ura zai iya shigar da sunanki ya riƙe miki kujera bai biya ko sisi ba, na'urar ta fitar da takarda tsaf da sunanki da lambar jirgi da awar tashi, ki gani hankalinki ya kwanta, amma in ba a biya kamfanin jirgin ba cikin ɗan wa'adin da suka ɗiba, kwana ɗaya ne ko biyu ko uku, kujerar sai ta faɗi da kanta, takardar kuma tana nan a wayarki babu abin da ya canza a jikinta. Sai ranar tafiya mutum yayi sallama da dangi, anyi addu'a an rako shi tun daga Kumasi har filin jirgin Akra, ya miƙa fasfo a kanta ace masa babu sunansa. Wannan kukan bana so ki yi shi.

Ki ba ɗanki takardar ya nemo lambobi biyu. Ta farko gajera ce, haruffa shida wani lokaci da lambobi a gauraye, ita ce lambar bukin. Ta biyu doguwa, lamba 13 a jere, ita ce lambar tikiti, kuma uku na farko su ke nuna kamfanin da ya yanka, Ethiopian 071, Emirates 176, Turkish 235, Qatar 157. In babu doguwar nan toh ba a yanki tikiti ba. In akwai ta ma kar ku tsaya nan, tunda lamba kowa ya iya rubutawa. Ya shiga shafin kamfanin jirgin da hannunsa, kar ya danna linkin da suka turo, ya je wurin duba bukin ya sa gajerar lambar da sunan ƙarshe na fasfonki, ya ga ko tafiyar ta fito kuma an nuna an biya. Wanda yafi ma, ya kira ofishin kamfanin na Akra ya karanta musu lambar 13 ɗin su faɗa masa da bakinsu.

Sai otal. Wannan kalmar kusa da Harami an ci kuɗin mutane da ita ba kaɗan ba. Ki ce su baki sunan otal ɗin, ku sa a taswirar waya ku ga tafiyar ƙafa minti nawa ce. Otal a Ajyad ko farkon titin Ibrahim Khalil da otal a Aziziya ai ba tafiyarsu ɗaya ba, na Aziziya sai an hau mota ko wace sallah, ga cunkoson Ramadan, ga gwiwa irin ta iyayenmu. Biza kuma in ta fito tana da lambarta, ana duba ta a shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya da lambar fasfo, sannan ki sa ɗanki ya sauke miki manhajar Nusuk don ta nan ake neman izinin shiga Rauda a Madina.

Tunda muna wurin bari in faɗi wannan don wasu. Duk wanda ya ce miki ki shiga da bizar Umara ko ta ziyara ki laɓe har lokacin Hajji, ki guje shi. A Hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 nasu basu da izinin Hajji, babu tanti mai sanyi babu motar ɗauka. Hajjin Gana ta ofishin alhazai na gwamnati da ejan ɗin da suka amince dasu ake bi.

Yanzu ki koma saƙon MoMo ɗin ki duba sunan da ya fito lokacin da kika tura, na kamfani ne ko na mutum ɗaya? Ki tambaye su ina ofishinsu yake, ki ce zaki kawo cikon da ƙafarki ke da ɗanki, a baki rasit mai hatimi, ki ga lasisinsu na Ghana Tourism Authority. Mai gaskiya murna zai yi da zuwanki. Wanda ya fara cewa oga yayi tafiya, ofis ana gyara, ki tura kawai lokaci na ƙurewa, kinga amsa ta fito. In haka ta faru kar ki goge saƙo ko ɗaya, ki kira kamfanin layinki nan take, ki kira 292 ta hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ki kai wa 'yan sanda. Kuma dan Allah kar kunya ta hana ki faɗa a guruf ɗin nan, don wallahi ba ke kaɗai kika ga tallan ba.

TAMBAYA, daga wani matashi mai gyaran waya, Nima: Anti barka. Na tara kuɗi zanje Dubai hutu in kuma duba kaya. Sau uku ina sa katina a shafin sayar da tikiti yana cewa bai yi ba, sai ga alat an cire min kuɗi sau biyu, tikiti babu. Da na koma kuma farashin ya ƙaru. Ni wa zan kama?

AMSA: Ɗana sannu, nasan yadda cikin mutum ke juyawa in ya ga alat babu kaya. Abu na farko ka daina dannawa. Yawanci irin wannan ciran riƙewa ne banki yayi, cinikin bai kammala ba, kuɗin kan dawo da kansa amma yana iya ɗaukar kwanaki har ma makonni. Kar ka zauna jira, ka je bankinka da ƙafarka da hoton alat ɗin da rana da awa, ka cika takardar ƙorafi su baka lambar da zaka riƙa bibiya da ita. Ka kuma duba imel ɗinka har cikin akwatin tarkace, don akan samu tikitin ya fita mutum bai gani ba, ya sake saye ya zama yana da biyu.

Dalilin ƙin karɓar kati yana da yawa. Katin gh-link na cikin gida ne, shafukan waje sai Visa ko Mastercard, su ma wani bankin sai ka sa an buɗe maka sayayya ta intanet, kuma akwai iyakar abin da zaka iya kashewa a rana wadda sau da yawa bata kai kuɗin tikiti ba. Ga lambar OTP da ake turowa layin da ka buɗe akawun dashi, in ka canza layi ko netwok ya yi nauyi ta zo a makare shikenan cinikin ya faɗi. Kafin ka sake gwadawa ka tambaye su abu uku a banki, katin nan a buɗe yake ga waje, nawa ne iyakata, kuma a nawa kuke lissafa dala yau.

Na ukun nan shi ne mutane ke mantawa. Farashin da ka gani da sidi a shafin waje ƙiyasi ne, bankinka da nasa canjin zai cira ya ɗora nasa caji a kai, ba kuma canjin da ka jiyo wurin 'yan canjin Tudu bane. Duk mun ga 2022 da dala ta fara shekara wajen sidi 6 kafin Nuwamba ta haura 13, mun kuma ga 2025 da sidi ya farfaɗo daga wajen 15 ya dawo kusa da 10 cikin 'yan watanni. Don haka ka bar rara a akawun, kar ka sa daidai cif.

Ƙarin farashi kuwa, kujerun jirgi aji-aji ake sayar dasu, masu araha 'yan kaɗan ne in sun ƙare sai na gaba, shafukan kwatanta farashi kuma wani lokaci tsohon farashi suke nunawa sai ka zo biya na gaske ya fito. Ni shawarata kullum ka yi amfani dasu ka ga wane jirgi ke zuwa da wace rana tafi sauƙi, sannan ka koma shafin kamfanin jirgin ka saya a can, ko da ya ɗara da ɗan wani abu, saboda ranar da matsala ta taso kasan ƙofar da zaka ƙwanƙwasa. Kuma kai da zaka dawo da kaya, ka karanta kilo nawa aka baka kafin ka biya, mafi arahar wani lokaci jakar hannu kaɗai ce. Bizarka ta Dubai fa, ta fito? Baka faɗa min ba. In bata fito ba ka fara da ita.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta, Madina Zango: Ranki ya daɗe. Yayana dake Ingila ya gayyace ni hutun dogon zango, na kai takardun biza ina jira. Na samu tikiti mai sauƙi ƙwarai, jirgi ɗaya zai kai ni wani gari a Turai, in jira awa uku, wani kamfanin daban ya ƙarasa dani. In saya yanzu kafin ya tashi?

AMSA: Malam kar ka saya. Dalilai uku ne kuma ko wanne shi kaɗai ya isa.

Biza bata fito ba, tikiti mai irin wannan arahar kuma galibi ba a mayar da kuɗinsa, in aka hana ka ka yi asara biyu, tunda kuɗin biza ma baya dawowa. Ka jira fasfo ya dawo hannunka ka ga ranar da bizar ta fara aiki da ranar da zata ƙare.

Na biyu shi ne wanda shafukan nan basa faɗa wa mai fasfon Gana, don su a wurinsu kowa ɗaya ne. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna da jerin ƙasashen da mutanensu ke buƙatar bizar ya da zango ko da ba zasu fita daga filin jirgi ba, Gana da Najeriya duk suna ciki. An ɗauke wa wasu, kamar mai bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai aiki, amma bizar Ingila tun da ta fice daga Tarayyar Turai a 2020 kar ka dogara da ita sai ka ji daga ofishin jakadancin ƙasar da zaka bi. In baka da takardar tun a Akra za a tsayar da kai, saboda kamfanin jirgi ake ci tara in ya ɗauki fasinja mara cikakkun takardu. Bizar Shengen kuwa yuro 90 ce tun Yunin 2024, in ka haɗa da wahalar samun ranar ganawa ina arahar take?

Na uku, kamfani biyu tikiti biyu. Ma'anarsa akwatinka ba zai wuce kai tsaye ba, sai ka fita ka ɗauka ka sake aunawa, fitar nan kuma shiga ƙasa ce, cikakkiyar biza take so. In jirgin farko ya yi lattin awa biyu na biyu ya tashi, kamfani na biyu babu ruwansa, a wurinsu kai ne baka zo ba, kuma ƙa'idarsu in ka rasa zuwa sai a soke dawowar dake kan tikitin. Ka nemi tikiti guda mai lambar bukin guda tun daga Akra har inda zaka sauka, ko mai tafiya kai tsaye Landan, ko ta Addis Ababa, Kasablanka, Istanbul, Doha, inda galibi mai wucewa da tikiti guda baya buƙatar biza in bai fita ba. Shi ma ka tabbatar da kamfanin kafin ka biya. Ka gaida yayan naka.

TAMBAYA, daga wani magidanci, Sawaba: Na yankar wa maiɗakina tikiti ta waya na rubuta sunan da muke kiranta, ashe na fasfo ya fi tsawo kuma rubutun ya bambanta. Zasu barta ta hau?

AMSA: Alhaji ka gyara tun yau, kar ka bari sai a filin jirgi. Wannan matsalar tamu ce mu 'yan zango, suna ɗaya rubutu biyar, na makaranta daban na Ghana Card daban na fasfo daban, wannan Mohammed wancan Muhammad, wani an raba Abdul da Rahman wani an haɗe. Jirgi fasfo kaɗai ya sani. Ka buɗe shafin hoto ka dubi layuka biyun nan na can ƙasa masu alamomi kamar kan kibiya, yadda sunan yake a nan haka zaka kwafa harafi bayan harafi, banda Hajiya banda Alhaji. Kuskuren harafi ɗaya ko biyu kamfanoni da yawa suna gyarawa, wasu kyauta wasu da caji, amma in ya zama kamar wani mutum ne daban sai dai a soke a sake yanka. In ta wani shafi ka saya su zaka bi, kamfanin jirgin zai ce ka koma wurin wanda ya sayar maka. Kana nan kuma ka duba ranar ƙarewar fasfon, ƙasashe da yawa sai da saura wata 6.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciyar jinya, Asawase: Anti ni ba waje zani ba. Ina so in kai yarana huɗu da mahaifiyata da maigida gandun dajin Mole su ga giwa a hutun Disamba. Duk shafin da na shiga in na sa mu bakwai sai yace babu ɗaki, in kuma ya nuna sai da dala. Hotunan sunyi kyau amma ina tsoron mu je mu tarar da wani abu daban. Ya zanyi?

AMSA: Ƙanwata wannan tambayar ta faranta min rai, don yaranmu sun san Dubai a waya amma basu taɓa ganin garin Larabanga dake bakin Mole ba. Lokacin da kika zaɓa ma yayi, da rani ruwan daji yake janyewa ciyawa ta kwanta, giwaye su riƙa gangarowa tafki, daga kan tudun da masaukin gandun yake ana hango su a ƙasa suna wanka suna watsa wa bayansu ƙasa.

Shafukan nan an gina su ne da lissafin mutum biyu a ɗaki, ko da ɗan yaro ɗaya, gida irin namu mai kaka da jikoki baya shiga lissafinsu. Babu ɗakin da yake ce miki sau da yawa nufinsa babu ɗaki guda mai ɗaukar bakwai. Ki nemi ɗaki biyu ko uku ki gani. Kuma masaukai da yawa a arewa ko basa kan shafukan gaba ɗaya, ko ɗakuna kaɗan suka sa, ko an kwana biyu ba a sabunta ba. A cikin Gana waya tafi shafi aiki. Ki samo lambar masaukin daga wurare biyu mabambanta ki ga sun dace, don akwai masu buɗe shafin bogi da sunan otal na gaske su sa lambar MoMo ɗinsu, sannan ki kira da rana ki yi magana da mutum.

In kin kira ga abin tambaya. Nawa ne da sidi ga 'yan ƙasa, don wuraren yawon buɗe ido na gwamnati kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban na baƙo daban, yara da ɗalibai ma da nasu, ku tafi da Ghana Card. Kuɗin ya haɗa da haraji da karin kumallo ko sai an ɗora? Akwai ƙarin katifa? Ruwa na zuwa a famfo, in wuta ta ɗauke akwai janareta? Ɗakin Mma yana ƙasa ko sai ta hau bene? Sannan ki ce a ɗauko miki bidiyon ɗakin da banɗakin yau ɗin nan a turo ta WhatsApp, kar ki yi cinikin biri a sama. Hoton shafi wataƙila tun ranar da aka buɗe otal ɗin aka ɗauka. In zaki karanta sharhin waɗanda suka kwana ki fara da na watannin nan, ki kuma karanta na masu ƙorafi, in mutum uku da basu san juna ba sun ce babu ruwa toh babu ruwa. In sun nemi kafin alƙalami ki bada na dare ɗaya, a rubuto miki kwanan wata da yawan ɗaki da ranar ƙarshe da zaki iya fasawa a mayar miki da kuɗinki. Wannan fasawa kyauta da ake rubutawa da koren rubutu tana da wa'adi, in ya wuce sai a cire.

Ki yi da wuri. Tun shekarar dawowar 'yan Afirka mazauna waje ta 2019 Disamba ya zama watan baƙi a ƙasar nan, Akra da Cape Coast sun fi jin abin amma har arewa yana kaiwa.

Hanya daga Kumasi, Techiman, Kintampo, Buipe, a mararrabar Fufulso ku karya zuwa Damongo, sai Larabanga, daga nan ƙofar gandun kusa take. Tafiyar yini ce da yara, ku tashi bayan asuba ku isa da sauran rana, ku bakwai kuma ki lissafa ko shatar mota guda bata fi muku sauƙi ba akan canjin mota da tsohuwa. Shiga daji da sassafe ne da kuma yamma, tare da ma'aikacin gandun mai bindiga, masu ƙarfi a ƙafa, Mma da ƙananan a mota. Kowa ya sa rufaffen takalmi, silifa bata yi. Ku riƙa rufe ƙofa da taga saboda gwaggon biri sun saba da mutane, leda a hannun yaro fizgewa suke. Abinci da wurin sallah ba zasu baku wahala ba, Larabanga garin Musulmi ne, ku tsaya yara su ga tsohon masallacin ƙasan nan mai farin fenti da itatuwa a jikinsa, wanda ake cewa tun 1421 yake. Ku ɗauki rigunan sanyi, hunturun can da asuba ba irin na Kumasi bane.

TAMBAYA, daga wani dattijo mai sayar da goro, Alabar: 'Yata, bikin jikar ƙanina za a yi a Kano cikin Janairu. Yara sunce in hau jirgi ƙafata ta huta. Me zan tanada?

AMSA: Baba Allah ya kai mu, ya sanya alheri. Biza babu, ɗan ECOWAS yana da kwana 90 a Najeriya. Fasfo mai rai da katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, su ne abin riƙo. In baka taɓa yi ba a yi maka akalla kwana 10 kafin tafiya don sai lokacin katin ke fara aiki, in kuma kana da tsoho kar wani ya ce maka ya mutu, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai shekaru irin naka da bai taɓa yi ba ya fara ganin likita tukuna.

Yaran da zasu yanka maka su lura da Legas. A can ake canza jirgi, wurin saukar jiragen waje daban wurin tashin na cikin gida daban sai an shiga mota, ga layin shige da fice ga jiran kaya, don haka su bar tazarar awanni masu yawa, awa biyu bata isa ba. Janairu kuma lokacin hazo ne, jiragen Kano kan yi latti ko a ɗage su, haka ma namu na Tamale. Kar a yanka maka na ana gobe ɗaurin aure, ka isa da kwana biyu ko uku a hannu. A buga maka tikitin a takarda, a rubuta lambar wanda zai tarbe ka a bayanta, kar komai ya zama yana cikin waya. Masu niyyar zarcewa Yamai ko Maraɗi daga can su tuna Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, su riƙe fasfo kar su dogara da kati kaɗai.

TAMBAYA, daga wata uwargida, Sabon Zango: Anti toh duk wannan wahalar, ba gara mu koma wurin ejan kamar da ba? Sannan Zamzam nawa ake bari a taho dashi?

AMSA: Yaya, ya danganta da tafiyar. Akra zuwa Kumasi ko Tamale, ko tafiya mai jirgi guda, ki saya da kanki a shafin kamfanin, na cikin gida ma da MoMo ake biya. Amma tafiya mai biza da canjin jirgi da tsofaffi da yara, Umara musamman, ni ejan nake zaɓa, wanda yake da ofis da lasisi, wanda kika san waɗanda suka bi ta hannunsa suka je suka dawo, ɗan abin da zai ɗora a kai haƙƙinsa ne tunda shi zai ɗaga waya da tsakar dare in an soke jirgi kina Jidda. Shi ɗin ma ki karɓi lambar nan 13 ki duba.

Zamzam kuwa galan guda mai lita 5 a rufe cikin kwalinsa ake ba mai Umara dama, a filin jirgi ake saye, ba a yarda a ɗura a jarka a cusa cikin akwati ba. Ki tambayi kamfanin jirginki tun kafin tafiya ko suna ɗaukarsa kyauta ko yana cikin kilonki, musamman in zaki canza jirgi a hanya.